Nikel da Farar Wuta: Yadda Ake Haɗa Su da Yadda Ake Gane Siffar Abin da Aka Haɗa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe sisi ko sule irin waɗanda aka buga a 1973, to ya riƙe nikel, domin da haɗin jan ƙarfe da nikel aka yi su. Farar wuta kuwa ba baƙuwa ba ce ga kowa, musamman wanda ya san yadda ake haɗa albarushi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin dangantakar da ke tsakanin waɗannan abubuwa biyu, da kuma yadda ta rikita lissafin masana kimiyyar haɗa sinadarai har tsawon shekaru kusan arba'in.

A wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin bayyana abubuwa uku. Na farko, yadda ake haɗa nikel da sinadarai masu farar wuta a ɗakin gwaje-gwaje. Na biyu, yadda ake gane siffar abin da aka haɗa, alhali ido bai iya ganin ƙwayarsa. Na uku, abin da binciken siffar ya tona game da matsayin farar wuta a cikin haɗin, da dalilin da ya sa masana suka damu da shi.

Nikel da Mariƙansa

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Axel Cronstedt shi ya fara ware nikel a 1751. A cikin ƙasa ma, sau da yawa tare da farar wuta ake samunsa. Manyan ma'adinan Sudbury a Kanada da na Norilsk a Rasha duk irin duwatsun nan ne da nikel da baƙin ƙarfe da farar wuta suka cakuɗe a ciki.

Ƙwayar zarra ta nikel tana ɗauke da ilektron 28, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu kewaye tsakiyarta. Idan ta saki guda biyu, sai ta zama mai caji biyu, ana rubuta ta Ni(II), kuma a wannan hali aka fi samunta cikin sinadarai. To amma ƙwayar da ta yi rashin ilektron ba ta zama ita kaɗai. Takan jawo waɗansu ƙwayoyi masu rarar ilektron su kewaye ta, kowanne ya miƙa mata ilektron biyu, ya riƙe ta. Waɗannan masu kewayewa su za mu kira mariƙa a nan, ɗaya kuwa mariƙi. Ƙarfen da mariƙansa gaba ɗaya shi ne haɗin kewaye.

Alfred Werner na Jami'ar Zurik ta Suwizalan shi ya shimfiɗa wannan tunani a 1893, kuma ya sami lambar Nobel a kansa a 1913. Ya nuna cewa kowane ƙarfe yana da adadin mariƙan da yake karɓa, kuma ba zaman kara-zube suke yi ba, kowanne da gurbinsa. Misali, idan aka narka gishirin nikel a ruwa sai ruwan ya zama kore. Dalili shi ne kowace ƙwayar nikel ta sami ƙwayoyin ruwa shida sun kewaye ta, huɗu a gefe, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa.

Akwai mariƙi mai kamu da wuri ɗaya, akwai kuma mai kamu da wuri biyu, kamar yadda awartakin maƙeri ke cafke ƙarfe da baki biyu. Irin wannan na biyun ya fi wuyar ɓamɓarewa, domin ko baki ɗaya ya kuɓuce, ɗayan na riƙe har na farkon ya sake kamawa. Mariƙan da za mu yi magana a kansu duk masu baki biyu ne, kuma kowane baki ƙwayar farar wuta ce.

Yadda Ake Haɗawa

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Akwai wani dangin mariƙa da ake kira ditiyokabamet. A jikin kowannensu akwai ƙwayar kabon ɗaya da ta riƙe farar wuta biyu a gefe guda, da naitirojin ɗaya a ɗaya gefen. Marcel Delépine, Bafaranshe, ya bayar da labarin haɗinsu da ƙarafa tun a 1907.

Aikin mataki biyu ne. Da farko ana yin mariƙin kansa. Ana zuba wani ruwa mai suna dayetilamin a cikin ruwan soda mai ƙuna, a sanyaya tulun gilashin da ƙanƙara, sa'an nan a riƙa ɗiga wani ruwan mai suna kabon daisalfaid kaɗan-kaɗan ana motsawa. Sanyayawar dole ce, domin haɗuwar tana fitar da zafi, shi kuwa kabon daisalfaid guba ne, ga shi da saurin kama wuta. Abin da ake samu farin gishiri ne mai narkewa a ruwa.

A mataki na biyu ana narka giram 4.51 na wannan farin gishiri a ruwa, a narka giram 2.38 na koren gishirin nikel kulorayid a wani ruwan dabam, sa'an nan a haɗa su. An zaɓi waɗannan nauye-nauye ne don kowace ƙwayar nikel ta sami mariƙa biyu daidai. Nan take sai wani gari mai duhun kore ya fito ya kwanta a ƙasa. Farar wuta ta kori ƙwayoyin ruwan nan shida ke nan, ta maye gurbinsu. Da yake kowane mariƙi yana da cajin ragi ɗaya, su biyu sun share cajin ƙari biyu na nikel, don haka sabon sinadarin ba shi da caji, ruwa kuma ba ya iya riƙe shi. Sai a tace garin, a wanke, a shanya. In da babu asara ko kaɗan, giram 3.55 za a samu.

Saura aiki ɗaya mai bukatar haƙuri. Ana sake narka garin a cikin kulorofom, a rufe bakin kwalbar a bar 'yar kafa, a ajiye inda ba za a girgiza ta ba. Yayin da ruwan ke ƙafewa a hankali cikin 'yan kwanaki, sai ƙwayoyin su jeru bisa tsari su zama kiristal, wato 'yan duwatsu masu fuskoki sumul irin na alif ko sukari. Wanda ya yi gaggawa gari zai sake samu.

Shaidu Huɗu

An sami sinadari a hannu, amma launinsa kaɗai bai isa hujja ba. Mai bincike a nan kamar alƙali yake, ba ya yanke hukunci da bakin shaida ɗaya. Ga shaidun da aka saba kira.

Shaida na farko shi ne ma'auni. Ana ƙona ɗan awon sinadarin ƙurmus, a tattara iskar da ta fito a auna, a kuma auna ƙarfen ta wata hanya. Idan da gaske nikel ɗaya ne da mariƙa biyu, lissafi ya nuna za a tarar da kashi 16.5 cikin ɗari nikel ne, 36.1 farar wuta, 33.8 kabon, 7.9 naitirojin, 5.7 kuma haidurojin. In awo ya yi daidai da wannan, an san abin da ke ciki da yawansa. Amma ma'auni ba ya faɗin yadda suke zaune.

Ga inda matsalar take. Ƙwayoyin farar wuta huɗu suna iya kewaye nikel ta hanya biyu. Ko dai su kwanta a shimfiɗe ɗaya kamar kusurwoyin murabba'i da nikel a tsakiya, ko kuwa su tashi su yi siffar dala mai fuska huɗu, uku a ƙasa ɗaya a sama. Wanda zai raba wannan gardama shi ne shaida na biyu, wato maganaɗisu.

Daga cikin ilektron 26 da suka rage wa Ni(II), takwas ne ke waje, kuma suna da ɗakuna biyar, kowane ɗaki na ɗaukar biyu. Ilektron da ke zaune shi kaɗai a ɗaki tamkar ƙaramin maganaɗisu yake, amma idan biyu suka haɗu a ɗaki ɗaya sai ƙarfin wannan ya kashe na wancan. A siffar dala, da kuma a siffar mariƙa shida irin ta ruwa, rabon ɗakunan yakan bar ilektron biyu ba abokin zama. A siffar murabba'i kuwa, ɗaki ɗaya yakan yi tsadar shiga ƙwarai saboda yana fuskantar mariƙan kai tsaye, sai duk takwas ɗin su cunkushe biyu-biyu a ɗakuna huɗu. Saboda haka ana cika siririn bututun gilashi da garin, a rataye shi a jikin ma'auni tsakanin bakunan babban maganaɗisu, hanyar da ake jingina wa Gouy. Koren gishirin da aka fara da shi yakan ƙara nauyi, alamar maganaɗisu na jan sa. Sabon sinadarin kuwa ba ya jawuwa. Wannan ya nuna siffarsa murabba'i ce.

Shaida na uku haske ne, amma irin wanda ido ba ya gani, wanda ke ƙasa da ja, ana ce masa infirared. Ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyi biyu yana kaɗawa kamar tsirkiyar garaya, kuma gwargwadon ƙarfin ɗaurin, gwargwadon saurin kaɗawarsa. Kowane ɗauri yana shanye hasken da ya yi daidai da kaɗawarsa. A bisa ma'aunin da ake amfani da shi, ɗauri guda tsakanin kabon da naitirojin yakan bayyana wajen 1250 zuwa 1350, ɗauri biyu kuwa wajen 1640 zuwa 1690. Na ditiyokabamet sai ya fito kusa da 1500, tsakanin biyun. Chatt da Duncanson da Venanzi suka yi bayanin wannan a Ingila a 1956. Sun ce naitirojin yana tura ilektron ɗinsa ta jikin kabon zuwa ga farar wuta, ita kuma ta ƙara wa ƙarfen. Wato ilektron ba su tsaya wuri ɗaya ba, sun bazu a jikin mariƙin. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu sake cin karo da shi.

Shaida na huɗu, wanda ya fi kowa ƙarfin magana, shi ne hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Max von Laue ya gano a Jamus a 1912 cewa kiristal yana warwatsa wannan haske, sa'an nan William Bragg da ɗansa Lawrence suka nuna a 1913 yadda za a karanta warwatsuwar. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin kiristal ta yi kusan daidai da tsawon zangon hasken, don haka idan ya ratsa sai ya fita ta kusurwoyi na musamman ya bar ɗige-ɗige. Daga wurin da kowane ɗigo ya faɗa da kuma ƙarfinsa ake lissafa mazaunin kowace ƙwaya. A da aikin watanni ne, yanzu kuwa da kwamfuta yini guda yakan isa.

Bonamico da abokan aikinsa a birnin Rum suka buga siffar wannan sinadari namu a 1965. Ana auna irin wannan tazara da angistiram, wanda shi ne kashi ɗaya cikin miliyan goma na milimita. Sun tarar nikel na tsakiya, farar wuta huɗu a shimfiɗe ɗaya, kowace tana nesa da shi da kimanin angistiram 2.2. Sai dai murabba'in bai cika daidai ba. Kusurwar da ke tsakanin bakuna biyu na mariƙi ɗaya wajen digiri 79 ce maimakon 90, saboda bakin awartakin ƙarami ne. Tazarar kabon da naitirojin kuma wajen 1.33 ce, tsakanin 1.47 ta ɗauri guda da 1.28 ta ɗauri biyu. Da haka maganar eksire ta gaskata ta maganaɗisu da ta infirared.

Inda Lissafi Ya Rikice

Har zuwa nan komai ya tafi daidai da koyarwar Werner, wato ƙarfe ke da caji, mariƙi kuwa riƙo ne kawai aikinsa. A farkon shekarun 1960 sai aka sami wani dangin mariƙa da ya ƙi bin wannan ƙa'ida. Su ne ake kira ditiyolin. Su ma farar wuta biyu gare su, amma kabon biyu ne a tsakaninsu, don haka bakinsu ya fi faɗi, kusurwarsu ta kusa digiri 90.

A 1962 Schrauzer da Mayweg a birnin Munik na Jamus suka sami wani sinadari mai duhu ƙwarai, nikel ɗaya da ditiyolin biyu, ba shi da caji. A wannan shekara Harry Gray da mutanensa a Jami'ar Kolombiya ta Amurka suna aiki a kan irin wannan dangi, kuma a 1963 Davison da Edelstein da Holm da Maki a Jami'ar Harvard suka nuna wani abin mamaki. Haɗin yana iya karɓar ilektron ɗaya, ya ƙara karɓar wani, a kuma ƙwace su ya koma yadda yake, ba tare da ya wargaje ba. Wato yana da hali uku: mai cajin ragi biyu, mai ragi ɗaya, da marar caji.

A bisa tsohon lissafi, kowane ditiyolin yana da cajin ragi biyu, su biyu ragi huɗu ke nan. To, a hali na farko nikel Ni(II) ne, babu matsala. A na biyu dole ya zama Ni(III), a na uku kuwa Ni(IV). Nan hankalin masana ya ƙi kwanciya. Ni(IV) mayunwacin ilektron ne na gaske, farar wuta kuwa mai saurin sakin nata ce. Ta yaya kura za ta kwana a garken awaki, a wayi gari ba abin da ya taɓa su? Bugu da ƙari, lokacin da Eisenberg da Ibers da abokansu suka fara auna siffar irin waɗannan haɗe-haɗe da eksire daga 1964, da kuma awon da wasu suka yi daga baya, an tarar nikel yana nan a murabba'i a duk halayen uku, siffar da aka san Ni(II) da ita.

A 1966 wani masani ɗan Denmak, Christian Klixbüll Jørgensen, ya aro kalmomin shari'a ya raba mariƙa gida biyu. Akwai marasa laifi, waɗanda ke barin a gane cajin ƙarfe ba wahala, kamar ruwa. Akwai kuma waɗanda ake tuhuma, masu sa hannu a cinikin ilektron. Ditiyolin shi ne babban wanda ake tuhuma.

Tabbatar da tuhumar ya ɗauki lokaci. A 2001 Holm da abokan aikinsa suka auna halayen uku na ditiyolin guda da eksire cikin natsuwa. Sun ga cewa yayin da ake cire ilektron, tazarar kabon da farar wuta tana raguwa daga wajen 1.76 zuwa wajen 1.71, ta kabon da kabon kuma tana ƙaruwa. In da daga jikin nikel ake cirewa, da jikin mariƙin bai canza haka ba. Daga bisani Edward Solomon na Jami'ar Stanford ya yi amfani da eksire mai auna farar wuta ita kaɗai, Karl Wieghardt da Frank Neese kuma a Jamus suka haɗa gwaji da lissafin kwamfuta. Duk sun tsaya a kan magana ɗaya: yawancin ilektron ɗin da ake cirewa daga mariƙan suke fita, nikel kuwa ya fi kusa da Ni(II) a kowane hali. Dalili shi ne ƙwayar farar wuta babba ce, ba ta ƙanƙame ilektron ɗinta da ƙarfi, kuma matakin ƙarfinsu ya yi kusa da na nikel, har rumbun ilektron ɗinsu ya zama na tarayya.

Amfanin Wannan Sani

Mai karatu na iya tambaya, mene ne ribar duk wannan wahala? Da farko akwai amfanin yau da kullum. Ana zuba wani ditiyokabamet na nikel a cikin roba don ya hana ta tsagewa. Farin gishirin nan da muka fara haɗawa kuwa, likita Sunderman a Amurka ya yi amfani da shi tun a shekarun 1950 wajen jinyar ma'aikatan da suka shaƙi gubar nikel kabonil, domin yana cafke ƙarfen a jiki. Ditiyolin na nikel, saboda bazuwar ilektron ɗinsa, yana shanye hasken da ke dab da ja ƙwarai, shi ya sa aka shigar da shi aikin na'urar leza tun 1972. A 1986 kuma masana a Faransa suka nuna cewa wani gishirinsa yana wuce da lantarki ba tare da wata turjiya ba, idan an matse shi an kuma sanyaya shi matuƙa.

Amma babban dalili yana cikin halittu. Akwai bakteriya da ke rayuwa da iskar haidurojin. Suna da wani inzayim, wato sinadarin jiki mai hanzarta aiki, da ake kira haidurojines, wanda ke fasa ƙwayar haidurojin ya ɗebi ilektron biyu, ko ya mayar da su ya ƙera ta. A 1981 Rudolf Thauer da abokin aikinsa a Jamus suka nuna akwai nikel a cikinsa. A 1995 Volbeda da Fontecilla-Camps da abokansu a birnin Grenoble na Faransa suka fitar da siffarsa da eksire. A tsakiyarsa sai ga nikel ɗaya da farar wuta huɗu sun kewaye shi, biyu daga cikinsu sun yi gada zuwa ga ƙwayar baƙin ƙarfe.

A masana'antu, aikin fasa haidurojin ko samar da shi daga ruwa ya fi kyau da filatinam, ƙarfe mai tsada da ƙaranci. Ga shi kuwa ƙwayar halitta tana yin sa da nikel da baƙin ƙarfe, cikin ruwa, ba tare da wani zafi ba. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne, a masana'anta farar wuta guba ce ga nikel, ɗan kaɗan nata yakan kashe aikinsa. Bambancin yana ga tsarin zama, wato ƙwaya nawa ne, a wace kusurwa, kuma a wace tazara.

Kwaikwayon wannan tsari a kwalba ba ƙaramin aiki ba ne. Farar wuta tana son yin gada tsakanin ƙarfe da ƙarfe, don haka maimakon nikel ɗaya sai a sami sarƙa ko zobe. Tun a 1965 Dahl da abokansa suka nuna wani haɗi mai nikel shida da farar wuta goma sha biyu sun yi da'ira kamar kambi. Iskar da muke shaƙa ma takan ɓata farar wutar, sai an yi aikin a rufe. Duk da haka an ci gaba. A 2013 Seiji Ogo na Jami'ar Kyushu ta Japan ya bayar da labarin wani haɗin nikel da baƙin ƙarfe mai gadar farar wuta da ya iya fasa haidurojin, ko da yake bai kama ƙafar inzayim ɗin ba wajen sauri.

Kammalawa

Mun ga yadda ake haɗa nikel da mariƙa masu farar wuta, da yadda ma'auni da maganaɗisu da infirared da eksire ke taruwa su bayyana siffar abin da ido bai taɓa gani ba. Mun kuma ga cewa lambar cajin da ake rubuta wa ƙarfe hanyar lissafi ce da mutane suka ƙirƙira, kuma idan ta saɓa wa awo, awon ake bi. Bambancin angistiram 0.05 a tazarar kabon da farar wuta yana cikin manyan hujjojin da suka nuna cewa farar wuta abokiyar tarayyar nikel ce wajen karɓa da bayar da ilektron. Masu neman hanyar samar da haidurojin mai araha suna bin wannan sawu ne, kuma har yanzu tambayar da ke gabansu ita ce yadda za a jera nikel da baƙin ƙarfe da farar wuta a kwalba su yi aiki da sauri da ƙarko kamar yadda suke yi a jikin bakteriya.